Shekarar da Aka Fasa Jirgin Mahaifinku

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kun gaje ta kamar tsohuwar tabarma, har jikokina sun fara ɗauka: wai Baffanku Ɗanjuma na Shanga mutum ne mai busasshiyar zuciya, wanda ya shigo gidan marayu ya sa gatari ya farfasa jirgin ubansu. A zaman makokinsa da bazarar da ta wuce na ji ɗayanku yana raɗa ta a bayan rumfa, yana tsammanin kunnena ya tsufa. Idona ne ya tsufa, kunnena yana nan garau. Kai kuma Babangida, ka je jana'izar, na gode maka, amma tsayuwarka ta ranar irin ta wanda aka aiko dole ce. Na yi wa marigayin alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, alkawari ya sauka daga wuyana, don haka ku gyara zama. Ni ce na nemi a fasa jirgin nan, ba shi ba.

Mahaifinku ya rasu da ƙarshen sanyi, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Ya bar ni da ku uku da mahaifiyarsa, Inna, wadda ƙafa ta riga ta zaunar da ita a ɗaki amma bakinta bai taɓa zama ba. Takaba ta cinye mini bazara ɗungurungum. Ku da kuka saba da girki da gas a Yelwa ba za ku gane nauyin wannan ba sai na faɗa muku. A tungarmu ta masunta a bakin tafki, can ƙasar Ngaski, bazara ce lokacin da mace ke tara itacen damina. Duk mai sana'ar bandar kifi sai ta yi ta jigila daga daji, tana jerawa a ƙarƙashin rumfa har tarin ya fi ta tsawo, kuma da wannan tarin ake auna ƙoƙarin mace, ba da zanen da ta ɗaura ba. Ni ina ɗaki ina jan carbi, matan gari suna ta wucewa da dammai. Sun kyauta mini, kowa ta ajiye mini abin girki. Amma itacen tuwo daban, na banda daban. Abin da murhun tuwo zai yi sati yana lasa, murhun banda a yini ɗaya yake lanƙwame shi.

Ranar sadakar arba'in Baffanku ya kira ni ƙofar ɗakin Inna. Shi ne babban wan mahaifinku, manomi ne ba masunci ba, mai kauri, mai ƙarancin magana, in ya tamke fuska ko akuya ba ta gilmawa ta gabansa. Na durƙusa daga gefe.

"Kulu, ba ƙwace na zo yi ba," in ji shi. "Ɗiyan ƙanena ɗiyana na. Shanga akwai gero, akwai shinkafa. In Sallah ta wuce in kwashe su da Inna, ke ki koma gidanku Yelwa ki huta. Nan mi za su ci, ruwa?"

Na ce, "Yaya, a yi haƙuri a bar ni in gwada daminar ga. Ina da hannuna, ina da murhuna."

Ya ce, "To. Ƙarshen azumi ina tahowa in gani da idona. In na iske tukunya tana tafasa, shi ke nan. In ban iske ba, kada ki ce na zalunce ki."

Babu rashin gaskiya a maganarsa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Tun daga ranar na san abin da nake yi wa aiki. Ba tuwo ba ne kawai, ku ne.

Azumin shekarar a tsakiyar marka ya faɗo. Ku kuna ƙanana, abin da za ku tuna bai wuce wasa a kududdufi ba, amma mu manya mun ji jiki. Sama ba ta buɗewa. Ashana ta yi sanyi sai an ɗumama ta a hammata, gishiri ya narke a ƙwarya, wanki ya kwana a igiya ya tashi da wari, kaji sun dawo ɗaki sun zama 'yan gida. Aiken da a rani za a yi shi kafin ruwan zafi ya tafasa, a marka sai ya ci rabin yini. In kai niƙa, in tarar da injin ya sha ruwa mai shi yana ta lallashinsa kamar amarya. In biya wurin mai cajin waya, ya ce janareto na hutawa. In ratsa taɓo zuwa rumfar tela, wanda ya yi wa duk tungar alkawarin "gobe in Allah ya kai mu" da baki ɗaya. Inna ce ta ciro zanenta na ajiya daga adaka ta ce a yanka wa 'yar'uwarku Nana riga da zane, ta kuma aike ni in gaya wa telan cewa in ya ɓata mata shi, da rarrafe za ta zo ta same shi. Da la'asar sakaliya kuma sai rabon kwanukan buɗa-baki, kunu zuwa masallaci, ƙosai zuwa maƙwabta, kowa da leda a ka, ana sulɓewa ana dariya. Duk da halin da nake ciki, ban taɓa kwana ban ji muryar wani a zaurenmu yana tambayar ya muka sha ruwa ba. Wannan ban manta ba.

Muna da wata al'ada a tungar nan da ban san ko har yanzu ana yin ta ba. In masunci ya rasu ya bar yara, abokan aikinsa sukan ware rana guda kafin Sallar farko da za ta zo, duk abin da jiragensu suka kamo a ranar na gidansa ne. Kamun marayu muke ce masa. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Sarkin ruwanmu ya yi ta jinkirta tamu ranar don yana son sai farin ruwa, wato ambaliyar damina, ya shigo tafki, lokacin da kifi ke tashi. Alheri ya yi nufi, kuma Allah ya ba shi lada. A goman ƙarshe, wata safiya da rana ta ɗan leƙo, ya ce yau ce. Kafin hantsi sai ga maza suna shigowa da kwanduna, tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu, har da giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauko. Suka zube a tsakar gida suka fita ba su jira godiya ba. Na tsaya ina kallo ina hawaye, don a gabana ga hatsin damina, ga kayan Sallah, ga amsar da zan ba Baffanku. Kafin azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya tsinke, kuma wannan karon ya zo da niyyar zama.

Kifi ba ya jiran kowa. Na bar Nana da maƙwabciya suna fasawa suna wankewa, na ɗora buhu a ka na shiga gari neman itace gida gida. Babu wadda ta hana ni, amma marka ta yi nisa, kowa tarinta ya kai ƙasa, kuma na ƙasan ya sha laima. Wannan ta zaro mini biyu, waccan uku, wata ta ba ni tsohuwar taɓarya da ta tsage. Da na ga abin ba zai kai ko'ina ba, sai na hau tudu wurin Kambari manoma, gidan ƙawata Saratu. Ita coci take zuwa, amma tun ina amarya muke musanya, ni kifi ita gero, in Kirsimeti ta zo kwanonta ya sauko, in Sallah ta zo nawa ya hau. Ta dube ni daga sama har ƙasa, jiƙe sharkaf, ba ta ma bari na gama bayani ba. Ta kwashe ɗan abin da ya rage mata, ta shiga garken awakinta ta zare busasshen karan da ke can cikin jinka, ta ɗaure, ta saɓa a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta shige gabana.

Da muka hura wuta ta ture ni gefe. "Ke mai azumi, matsa daga hayaƙin nan kafin ki faɗi a kan kifin mutane. Ni na ci tuwona na ƙoshi."

Itacen ya kai mu wuta ɗaya, ya ƙare. Kuma duk mai banda ta san kifin da ya sha rabin wuta ya fi ɗanye hatsari: bayansa ya yi kyau, cikinsa yana nan da ruwa, in aka bar shi a sanyi irin wannan sai ya yi laushi, ƙuda ya sauka, tsutsa ta biyo baya. Washegari na gwada ɗanyen reshen da Babangida ya saro, wutar ta yi ta tsaki tana mutuwa. Zuwa hantsi hancina ya fara gaya mini abin da ba na son ji. Ina durƙushe ina hura toka, ido jajur, sai na ji sallama. Baffanku ne, ya biyo jirgin kasuwa tun kafin lokacin da na zata, ga ruwa na ɗiga daga hularsa. Ya dubi kwandunan, ya dubi murhun da ba wuta, ya shaƙi iska sau ɗaya. Ya wuce ɗakin Inna. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

A duk gidan abu ɗaya ne ya rage busasshe. Jirgin mahaifinku yana kife a ƙarƙashin rumfar kwano tun kafin ya kwanta ciwo, ya jawo shi ne don ya yi masa gyara bai samu yi ba. Watanni yana nan, katakon ya bushe ƙayau. Kai kuma Babangida, kana ɗan saurayi lokacin, ka mayar da rumfar nan ɗakinka. Kana tara ƙusoshi a gwangwani, kana miƙe gwangwanayen da za ka liƙe ɓarakar da su, kana gaya wa kowa cewa bayan Sallah za ka tura shi ruwa ka ɗauki wurin babanka. Ina ganinka wani lokaci ka dafa cikinsa kana magana a hankali. Na san abin da jirgin yake a wurinka, kada ka ɗauka ban sani ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na lissafa a raina: in aka samu busasshen katako ya riƙe zuciyar wuta, ɗanyen itace zai riƙa bushewa a gefe yana ba da hayaƙi, kifin zai tsira. Sai dai jirgin dukiyar marayu ne, ba ni da ikon taɓa shi sai da yardar waliyyinku. Waliyyin kuwa shi ne mutumin da ruɓewar kifin nan za ta ba shi gaskiya.

Na wanke fuska na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na faɗi buƙatata. Baffanku ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Kulu, kin san in kifin ga ya ruɓe magana ta ƙare, ko?"

"Na sani, Yaya."

"Kuma ni kike roƙo in ba ki sandar da za ki kada ni da ita?"

"Ba ni da wanda zan roƙa sai kai."

Inna, da nake tsammanin ita za ta fi kowa ƙi, tunda jirgin ɗanta ne, ta yi gyaran murya daga kan gado. "Ɗanjuma, ɗana ba shi cikin katako. Yana inda Allah ya kai shi. Waɗanga da ya bari su ke da ciki. Ka bar ja mata rai, kifi na wari."

Sai Baffanku ya tambaye ni wa zai gaya wa Babangida. Na ce ni zan gaya masa, tunda shawarata ce. Ya girgiza kai, ya miƙe, ya ce in koma wurin kifina in riƙe bakina, kome na ji kada in tanka. Ban gane nufinsa ba sai da na ji ya ɗaga murya a tsakar gida, irin ɗagawar da ban taɓa ji ya yi ba, yana cewa a miƙo masa gatari. Ya ce shi ne babba a gidan nan, kuma ya gaji da ganin wannan ruɓaɓɓen jirgi yana cin wuri, yau zai zama itace, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwan tafki. Ka fito da gudu ka tare gabansa. Ya sa hannu ɗaya ya kawar da kai. Ka juyo wurina, ina zaune da wuƙa da tarwaɗa a hannu.

"Mama, ki yi magana mana! Mama, jirgin Baba na!"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da yankan kifi. Na haife ku, na binne miji, na sha wuya iri iri, amma ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin shirun nan ba. Baffanku ya ɗaga gatari ya yi saran farko. Shi ma da yake saran, na saci kallonsa, ruwan da ke fuskarsa ba na sama ba ne duka. Ƙanensa ne fa, tare suka taso.

Ya farfasa shi shi kaɗai, da azumi a bakinsa, yana ware wuraren da ke da kwalta gefe don kada su ɓata kifi. Wuta ta kama kamar tana jira. Saratu ta dawo da 'yarta, maƙwabta suka shigo, wannan na juya kifi a kan raga, waccan na jera ɗanyen itace a gefen wuta, Inna daga ɗaki tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Ƙarfasar da ta riga ta lalace muka zubar, ba ta da yawa. Sauran ya yi ja ya ƙame, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Da aka yi kiran magariba muka sha ruwa a tsaye a bakin murhu, kowa na warin hayaƙi. Kai kaɗai ne ba ka sha tare da mu ba, kana rumfar da babu komai a cikinta, da gwangwanin ƙusoshinka a cinya.

Da ruwa ya ɗan tsagaita na bi jirgin kasuwa zuwa Yelwa da kwandunana. Saboda markar nan busasshen kifi ya yi wuya a kasuwa, ga Sallah ta ƙarato, tun a bakin ruwa 'yan sari suka yi mini caa. Na dawo da buhunan gero da shinkafa, da manja, da takalmanku, da yadin da tela ya ɗinka wa mazan a daren jajibiri yana rantsuwar bai taɓa saɓa alkawari ba. Na kuma yi cinikin itace da masu kawowa daga tudu, wanda ya riƙe ni har kaka. Daga wannan kamun sana'ata ta miƙe, da ita na yi muku makaranta, da ita na aurar da Nana. Abin da ya tafi kuma ya tafi. Babangida bai sake taka jirgi da sunan kamun kifi ba. Da ya ƙara girma ya tafi Yelwa ya kama acaba, ya rufa wa kansa asiri da mu baki ɗaya, amma na san ba ita ce hanyar da zuciyarsa ta so ba, kuma hannuna yana cikin wannan.

An yi Sallah a masallaci saboda filin idi ya zama fadama. Kuka sa sababbin kaya, na dafa shinkafa da miyar giwan ruwa, na aika kwanon farko tudu gidan Saratu, na biyu gidan sarkin ruwa. Baffanku ya ci, ya leƙa ɗakin da na jera buhuna. Nana da Auta suka je suka yi masa barka da Sallah ya shafa kansu. Kai ka wuce shi kamar ka wuce kututture. Duk yinin nan ban zauna wuri ɗaya ba, don har lokacin ban san hukuncin da ya yanke ba, kuma ban da bakin tambaya.

Washegari da safe ya ɗauki jakarsa ya yi sallama da Inna. Na bi shi a baya zuwa bakin ruwa da ƙunshin kifi na iyalinsa, ina jiran in ji ya ce a haɗa wa yara kaya. Ana ɗan yayyafi. Mai jirgi ya tambaye shi mutum nawa ne.

"Ni ɗaya na," in ji shi.

Na durƙusa a cikin taɓon nan ina godiya, kalmomin suna sarƙewa. Ya ce in tashi kada in ɓata zanen Sallah. Can nesa kan gaɓa kana zaune, Babangida, ka juya mana baya. Na ce, "Yaya, ka bari in gaya mashi gaskiya. Bai kamata ya riƙe ka a rai kan abin da ni na nema ba."

Ya dube ka. Sannan ya karɓi ƙunshin kifin ya sa ƙafa a jirgi.

"Ki yi man alkawari ba ki faɗi ba ina raye. Yaro ya rasa uba, kada ya rasa uwa. Bar shi ya ƙi ni, Kulu. Ni ƙetare ruwa za ni yi, ke ce za ki kwana gida ɗaya da shi."

Na yi masa alkawari. Mai jirgi ya ja igiyar inji, suka ɗaga. Ya ɗaga maka hannu har suka sha kwana, kai kuwa ba ka waiwayo ba.